Makirufo: a ina ƙarin kuɗi ke daina gyara murya?

Masu ɗaukar murya sun yi yawa yanzu a wajenmu, daga Ngaundere zuwa Garwa da Marwa, har Kusseri da tsallaken ruwa a Njamena. Akwai masu naɗar tafsiri idan azumi ya kama, akwai masu karanta littattafan Hausa suna ɗorawa a YouTube, ga masu waƙar bege, ga masu haɗa wa 'yan kasuwa tallar da za a sa a rediyo ko a zagaya gari da ita a bayan moto, ga kuma yaran TikTok. Duk wanda sautinsa bai fita yadda yake so ba tambaya ɗaya yake yi, wane mikro zan saya. Sai ya kalli bidiyon wani Bature zaune gaban baƙin makirufo mai kauri murya na fita tas, ya yanke hukunci cewa sirrin yana cikin ƙarfen nan, ya shiga tara kuɗi wata da watanni. Abin yana damuna sosai, saboda yawancin masu wannan harkar matasa ne da ba su da wani jari, kuma kuɗin da ake binnewa a mikro ɗaya da sun isa a gyara aikin gaba ɗaya.

Kuɗin da ka zuba a mikro ba sa dawo maka da amfani daidai yawansu. Sefa dubu 15 ko 20 na farko suna yin aikin da kowa zai ji da kunnensa. Dubu 50 da ka ɗora a kai suna ƙara wani abu mai ma'ana. Daga nan abin ke fara raguwa, kana ƙara kuɗi masu yawa kana samun gyara ɗan kaɗan, har ka kai wajen da zaka ƙara miliyan guda cur amma wanda ke sauraronka a wayarsa bazai san an canza komai ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan. Tun a shekarun 1760 wani Bafaranshe mai suna Turgot ya yi bayaninsa, David Ricardo a Ingila ya sake bi ta kansa a 1815, kuma da gona suka buga misali, dan haka mu ma mu tsaya a gonar. Manomin masara da ya zuba buhun taki na farko a gonar da ta gaji zai ga bambanci ƙarara. Buhu na biyu ya ƙara amma bai kai na farko ba. Kafin a kai na biyar asara yake yi, wataƙila ma ya ƙone shukar, kuma takin lafiyarsa ƙalau, kawai dai yanzu ruwa gonar ke nema ko a nome ciyawa. Wannan gaɓar ce mutane ke tsallakewa. Amfanin ƙarin kuɗi a mikro yana raguwa ne saboda wani abu daban ya zama shine ke riƙe da aikin, in baka gano wannan abin ba zaka ci gaba da zubawa a inda ba a buƙata.

Bari mu sa farashi a gaba. Zan yi amfani da na Turai tunda sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya sefa 656 in an cike, kuma ka san kafin kaya su sauka Duwala a biya duwan su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere su iso hannunka sai an ɗora wani abu a kai. Ƙaramin mikron da ake maƙalawa a wuyan riga irin Boya BY-M1 bai wuce Yuro 20 ba. Shure SM58, wanda kusan kowa ya taɓa ganinsa ko kwafinsa a hannun mai wa'azi ko mawaƙi, yana wajen Yuro 100 da ɗan wani abu, wato sefa dubu 70 haka. Audio-Technica AT2020 shi ma nan kusa yake. Rode NT1 na ƙasar Ostareliya tsakanin Yuro 150 zuwa 250 gwargwadon samfuri. Shure SM7B, baƙin nan mai kauri na masu hira a YouTube, wajen Yuro 400. Neumann TLM 103 na Jamus wajen Yuro 1,000, shi kuma Neumann U87 da ake ji da shi a manyan sitidiyo na duniya kusan Yuro 3,000, sefa miliyan biyu ba kaɗan. Tsakanin SM58 da U87 kuɗi sun ninka kusan sau talatin. Babu injiniyan sauti mai gaskiya da zai ce maka kyan murya ya ninka sau talatin, ko sau uku ma.

Dalili na farko yana cikin yadda abin ke aiki. Mikro dai tantani ne siriri da iskar muryarka ke kaɗawa, sai a mayar da kaɗawar ta zama lantarki. Iri biyu aka fi amfani da su. Akwai dainamik, inda aka manna wa tantanin nannaɗaɗɗiyar wayar tagulla da ke motsi a cikin maganaɗisu, ba ya buƙatar wuta kuma yana jure wahala, SM58 da SM7B duk irinsa ne. Akwai kuma kondensa, wanda a manyan na sitidiyo kaurin tantaninsa galibi wajen kashi 6 cikin dubu na milimita ne, an shafa masa zinari an kafa shi dab da wani faifan ƙarfe, yana buƙatar wuta volt 48 da ake kira fantom daga katin sauti, wato ɗan akwatin da ke haɗa mikro da kwamfuta, ko miksa, kuma ya fi ɗauko ƙananan abubuwa na murya. To duka wannan tsohuwar fasaha ce. Kondensa tun 1916 aka ƙirƙiro shi a Amurka, SM58 ya fito a 1966, U87 a 1967, ɗan ƙaramin kondensa da ake kira ilektiret da ke cikin mikron wuyan riga kuma James West da Gerhard Sessler ne suka samar da shi a 1962. Shekara sittin ana yin abu ɗaya, masana'antu a Sin da sauran wurare sun iya shi, sun kwaikwayi tsarin, inji na fitar da dubbai. Shi yasa mikron sefa dubu 70 na yau ya riga ya ɗauki kusan duk abin da ke cikin muryar ɗan Adam, abin da ya rage wa masu tsada su yi gasa a kai ɗan kaɗan ne.

Amma babban dalilin shine tazara, kuma a nan nake so a natsu. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi, kuma ƙa'idar ita ce duk lokacin da ka ninka tazara tsakanin bakinka da mikro, muryar da ke isa gare shi kai tsaye tana raguwa da desibel 6, in ka raba tazarar biyu tana ƙaruwa da 6. Ɗauki wanda ya ajiye waya a kan tebur santimita 80 daga bakin malam. In aka matso da ita zuwa 40 an samu 6, zuwa 20 an samu 12, zuwa santimita 10 an samu desibel 18. Ita kuwa ƙarar fanka da motocin titi tana nan yadda take bata ƙaru ba, tunda ba ita aka kusanta ba. Wato muryar ta haye hayaniya da desibel 18 ba a kashe ko dala ba. Kuma kunnen mutum yana jin ƙarin desibel 10 kamar an ninka ƙarfin sauti ne, kaga 18 ba ƙaramin abu bane. Babu mikron da ke kasuwa, ko na miliyan nawa ne, da zai baka wannan ribar in ka bar shi a santimita 80.

Asalin aikin da mikron wuyan riga na dubu 10 yake yi kenan. Ƙwayar da ke cikinsa bata fi ta cikin wayarka wani kyau can ba, wayoyin yanzu ma nasu ba laifi, amma yana da doguwar igiya, ta Boya mita 6 ce, sai ya zauna kusa da baki alhali kyamara tana can nesa. Tazara ka saya. Shi yasa matakin farko yake da daɗi haka har mutum ya ɗauka in ya ƙara kuɗi sau goma zai sake samun irin wannan tsallen, alhali tazarar an riga an cinye ta, babu sauran santimita da za a rage.

Sai hayaniya. Mikro bai san wace ce muryarka wace ce ta zakaran maƙwabta ba, duk abin da ya kaɗa tantanin nan zai ɗauka. Mu kuma ga inda muke zaune, 'yan moto ba dare ba rana, injin niƙa a lungu, gurup in wuta ta ɗauke, yara a tsakar gida, ruwan Agusta a kan rufin kwano, sannan zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, lokacin da kashe fanka da rufe taga na awa guda kansa azaba ne. Ana yawan cewa kondensa yana jawo hayaniya dainamik kuma yana korarta. Abin bai kai haka ba. Abin da ke faruwa shine dainamik an yi shi ne dan a kusanta baki da shi har kusan taɓawa, kondensa kuwa galibi ana barin tazarar ɗani guda ko fiye kuma ya fi jin sauti masu kaifi, sai ƙa'idar desibel 6 ta yi aikinta. Sakamakon dai ɗaya ne, a ɗaki mai hayaniya SM58 da aka kai baki kusa da shi sau da yawa ya fi kondensa mai tsada fitar da aiki mai tsabta. Kuma yawancin mikron murya ta gaba suke ji, ta gefe suna raguwa da wajen desibel 6, ta baya kuwa kusan ba sa ji, dan haka juya bayan mikron ya kalli taga ko inda ƙarar take shi ma riba ce ta kyauta.

Akwai wani adadi da masu talla ke son nunawa, ƙarar da mikron kansa ke yi ko ba a magana, shuuu ɗin nan. A takarda AT2020 yana da desibel 20, U87 yana da 12, TLM 103 yana da 7, Rode NT1 kuma bai kai 5 ba. Ka lura fa, NT1 da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin U87 ba ya fi shi shiru. Sannan ɗakin kwana da ya yi tsit da tsakar dare yana wajen desibel 30, in fanka na juyawa ya wuce haka da nisa. To tsakanin 20 da 5 me ka saya, tunda ɗakin ya riga ya rufe su duka? Wannan bambancin sai a sitidiyon da aka gina musamman dan shiru ake jinsa.

Bayan hayaniyar waje akwai ta ɗakin kansa, amsa kuwwa. Ginin da muke yayi yanzu, bangon siminti da karo a ƙasa da sili mai sulɓi, shine mafi muni ga murya, sauti ya bugi bango ya dawo ya sake shiga mikro bayan ɗan ƙiftawa sai ka ji muryar ta yi nisa ta yi rami. Mikro mai tsada zai ɗauko maka wannan amsawar ne da kyau fiye da mai araha, shikenan, kuma in ta shiga rekodin fitar da ita wahala ce, manhajojin da ke cirewa suna tafiya da wani ɓangare na muryar. Maganin ba shi da tsada, katifa a jingine, bargo mai nauyi a rataye, labule mai kauri, kafet ko darduma a ƙasa, durowar kaya a buɗe. Bangon da ke bayanka ya fi muhimmanci tunda shi mikron ke kallo. Tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango cike da kaya sau da yawa ya fi sabon falo dacewa da wannan aikin, kuma ina jin takaici in naga an bar irinsa an je an kafa kaya a shagon siminti bakin titi. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa kusan ba ya komai, siriri ne ba shi da nauyi, ga haɗarin gobara. A kuma bambance abu biyu, rage amsa kuwwa daban, hana ƙarar waje shigowa daban. Soso da bargo na farkon kawai suke yi. Na biyun sai nauyi, bango mai kauri, ƙofa mai kauri da aka toshe kafofinta, ko kuma ka zaɓi lokaci, can cikin dare bayan gari ya kwanta.

Yanzu mu je ɗaya bakin, wajen mai sauraro. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga Hz 20 zuwa 20,000 (Hz shine ma'aunin kaɗawar sauti a daƙiƙa, ƙaramin adadi sauti mai kauri, babba kuma mai kaifi), kuma na saman yana raguwa da shekaru. Layin tarho na da daga 300 zuwa 3,400 kawai yake wucewa da shi, amma a haka ake gane magana har a gane mai yin ta. Rediyon FM yana tsayawa a 15,000, gajeren zango da iyayenmu suka saurari sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da na Jamus a kai shekara da shekaru bai wuce wajen 5,000 ba. Su kuma mutanenmu na yau a ina suke saurare? A sifikar Tecno da itel, ko ƙaramin bafil na Bluetooth, ko ɗan rediyon nan mai cin katin memori, a kasuwa ko a majalisa ana hira. Tushen muryar namiji yana tsakanin Hz 85 da 180, sifikar waya kuma bata iya fitar da wannan zurfin, dan haka kaurin muryar nan da ka biya kuɗi dominsa bazai ma iso ba. Ga WhatsApp da Facebook da TikTok kowanne yana matse sauti dan ya rage cin data, a ɗora a sauke a sake ɗorawa, duk lokacin da aka sake matsewa ana zubar da wani abu, kuma abin da ake fara zubarwa shine ƙananan kyawun nan na sama da mikron miliyan biyu ke taƙama da shi. Abin da ke tsira har ya kai kunnen mai sauraro shine ko muryar tana kusa, ko babu hayaniya da amsa kuwwa, ko bata fashe ba, kuma waɗannan da hannunka kake gyara su tun a ɗaki.

Kar a fahimce ni a baibai, ban ce a sayi tarkace ba. Araha bata ado, kuma a can ƙasan farashi kowane dubu biyar yana da tasiri. Saitin nan na BM-800 mai ruwan zinari da ke zuwa da ɗan katin V8, wanda ya cika shaguna, yana da kyan gani a bidiyo, amma cikinsa ƙaramar ƙwayar ilektiret ce aka sa a babban gida, galibi da shuu da kaifi mai sukar kunne, ga eko ɗin da ake zubawa daga katin. Ga kuma jabu. SM58 yana cikin mikron da aka fi yi wa jabu a duniya, kwali iri ɗaya tambari iri ɗaya. In mai shago ya ce maka "ƙanena wannan orijinal ne, kawo dubu 12", to ka sani abin da ake sayarwa Yuro 100 a Turai bazai sha tafiya har Garwa ya koma dubu 12 ba. Na gaskiya yana da nauyi, wajen giram 300, kuma in ka juya shi a hannu ba ya ɗaukar ƙugin yatsu sosai saboda ƙwayarsa a kan abin tare girgiza take zaune. Gara ka sayi mai araha da ke ɗauke da sunansa na gaskiya, irin Behringer XM8500 ko Samson Q2U mai shiga kwamfuta kai tsaye ta USB, da ka sayi jabun babban suna.

Tsakanin dubu 20 da wajen dubu 100 ko 150 kuɗi suna aiki har yanzu, kuma ga inda ake jinsu. Haruffa masu kaifi, s da sh da ts namu, da sin da sad wajen mai karatun Alƙur'ani, mikro mara kyau yana ƙara musu kaifi har su dinga suka, ko ya cakuɗa su, mai kyau kuma yana barinsu yadda suka fito daga baki. Alaramman da ya sha wahalar shekaru yana gyara fitar haruffa ya cancanci a ji wannan wahalar tasa. Haka in mai waƙa ya ɗaga murya mai kyau ba ya fashewa, in ka ɗan juya kai muryar bata canza kala gaba ɗaya, kuma ya faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba da aiki. Waɗannan sun biya kuɗinsu.

To me masu miliyan suke saya? Akwai abin da ake biya, ba yaudara bace. Neumann a Jamus ake haɗa shi, yawanci da hannu a ɗaki mara ƙura, ana gwada kowanne, in ka sayi ɗaya yau ka sayi wani bayan shekara goma sautinsu zai zo kusan ɗaya, akwai kayan gyara, in ka tashi sayarwa kuma yana riƙe darajarsa. Yana da wani launin murya da injiniyoyi suka saba da shi suka san yadda zai zauna a cikin kiɗa. Sannan akwai suna, babban sitidiyo yana buƙatar mawaƙi ya shigo ya ga abin da ya sani ya saki jiki ya biya. Duk gaskiya ne, amma amfanin na wanda ya riga ya gama da ɗaki da shiru ne, wanda kuma wannan ɗan ƙarin yake dawo masa da kuɗi. In ana maganar magana zalla, Shure SM57, ɗan'uwan SM58 wanda kuɗinsu kusan ɗaya, shi ake kafawa gaban shugaban Amurka tun zamanin Lyndon Johnson a shekarun 1960, kuma ba kuɗin sayen mai tsada suka rasa ba.

SM7B shine ya fi ɗaukar hankalin matasanmu dan haka a san abin da ke tattare da shi. Mikro ne mai kyau, amma ƙwayarsa daga tsari ɗaya ta fito da ta SM57 da SM58, an dai ba ta babban gida da soso mai kauri da ƙarin zurfi. Kuma lantarkin da yake fitarwa rauni ne da shi, yana neman a ɗaga shi da wajen desibel 60, ƙaramin katin sauti in ka murɗe shi har ƙarshe sai shuu ya taso, daga nan a ce ka sayi abin ƙara ƙarfi irin Cloudlifter shi ma wajen Yuro 150, ga hannun ƙarfe mai iya ɗaukar nauyinsa. Dubu 260 ta zama dubu 400 da wani abu, abin da ya fito kuma ba shi da nisa da SM58 da aka sa wa soso aka ɗan daidaita a kwamfuta.

Akwai kuma abin da masu gwada kaya na Turai ba sa ambata tunda ba su da shi, ƙurar hunturu. Tantanin kondensa yana ɗauke da cajin lantarki dan haka yana jawo ƙura, ƙurar ta haɗu da damshin numfashi ko na damina sai ka fara jin ƙaf-ƙaf a rekodin, wanke shi kuma aikin ƙwararru ne, mai gyaran rediyo in ya taɓa ya gama da shi. Duk mai kondensa a nan ya dinga mayar da shi akwatinsa da zarar ya gama, ya sa masa ragar tare iska a gaba. Wutar gida ma tana kawo ƙugin Hz 50 a gidajen da ba a haɗa wayar ƙasa ba, wanda sau da yawa cire cajar kwamfuta a yi aiki da batir ke kashe shi, mutum kuwa yana can yana zargin mikro.

In matashi ya zo min da sefa dubu 150 ya ce zai fara karanta littafi ko naɗar karatu, bazan bar shi ya sa fiye da rabi a mikro ba. Dainamik na gaskiya, ƙaramin katin sauti in mikron ba na USB bane, kebul mai kyau, ƙafar da zata riƙe mikron a bakinsa ba motsi, soso, hedfon mai rufe kunne dan ya ji abin da ke shiga tun yana ɗauka, sauran kuma a barguna da labule. Manhajar Audacity kyauta ce. Sai koyon aiki, tazarar yatsu uku ko huɗu, mikro ɗan gefen baki dan kar iskar b da f ta dinga dukansa, a kuma saita ƙarfin shiga yadda ko ya ɗaga murya alamar bazata taɓa ja ba, saboda muryar da ta fashe tun wajen ɗauka bata gyaruwa.

Wanda ya kai ya haura sama shine wanda ɗakinsa ya yi shiru, aikin yana kawo kuɗi, kuma zai iya faɗin takamaiman abin da mikronsa na yanzu ya gaza. Shi ma kafin ya biya ya gwada. Ka aro irin wanda kake so ko ka roƙi mai shi ya zo da shi, ka ɗauki jimla ɗaya da tsohon da sabon a cikin ɗakinka, sannan ka daidaita ƙarfinsu a kwamfuta sosai da sosai, saboda kunne kullum wanda ya ɗan fi ƙarfi yake zaɓa ya ce ya fi kyau ko da desibel ɗaya ne tsakani. Ka tura su ta WhatsApp zuwa irin wayar da masu sauraronka ke riƙewa, wani ya kunna maka a cakuɗe sau goma ba tare da ya faɗa maka wanne ne wanne ba. In ka kasa gane sabon sau takwas ko tara, ka mayar da kuɗin kan ƙofa da sili. In kuma ka gane, kuma wasu mutum biyu uku da ba su san farashin ba su ma sun ce ya fi, to ka saya, amma wajen dilan da zai baka rasit da lambar kayan a rubuce.